Kafin ka sayi a-kori-kura daga Amurka, leƙa ƙarƙashinta

Duk inda matasa suka zauna hirar mota, maganar ɗaya ce: ka sayi Toyota ka huta, injinta ba ya mutuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, ba inji ne ke fara kashe a-kori-kura ba. Shasi ne, wato ƙarfen nan mai kama da tsani da ke ɗauke da inji da bodi da kaya gaba ɗaya. Kuma da yawa daga cikin motocin tokumbo da ake saukewa a Legas da Kwatano daga can suke fitowa. A ganina, wanda ya auna ingancin irin wannan mota da ƙarar inji da ƙyallin fenti kawai, kallon kitse yake wa rogo.

Laifin ba na ƙanƙarar ba ne ita kaɗai. A jihohi irin su Michigan da Ohio da New York da Pennsylvania, da lardunan Ontario da Quebec a Kanada, hukumomi na watsa gishiri a kan titi duk hunturu don ƙanƙara ta narke, motoci su daina santsi. Amurka kaɗai na zuba kusan tan miliyan 20 a shekara. Taya na fesa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota, ya shige cikin ramukan shasi, ya haɗu da laka ya zauna. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki fiye da ruwa zalla, shi ya sa yake hanzarta tsatsa. Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa cikin ruwa ya san abin: sikirin na nan lafiya, amma can ciki allon wayar na ruɓewa a hankali.

Ita kanta Toyota ta sha wannan. A 2008 ta tsawaita garantin tsatsar shasi na Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 har shekara 15, ta kuma riƙa sayen waɗanda suka ruɓe daga hannun masu su a kan kuɗin da ya fi darajarsu ta kasuwa da rabi. A 2016 kuma ta amince da sulhu a kotu wanda aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, kan motoci kusan miliyan 1.5: Tacoma 2005 zuwa 2010, Tundra 2007 zuwa 2008, da Sequoia 2005 zuwa 2008. Da yawansu injinsu na tashi da bugu ɗaya, ƙasansu ne ya cinye. A lura kuma, Hilux ɗin da muka sani da juriya ba a sayar da sabuwarta a Amurka, Tacoma ce ta maye gurbinta tun 1995. Sunan da ɗaya ta yi bai zama shaida ga ɗayar ba.

Matsalar ba ta tsaya kan kamfani guda ba. A 2015 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta rufe binciken da ta yi shekaru tana yi kan ruɓewar bututun birki a manyan motocin General Motors, ta ba masu tsofaffin motoci a yankin gishiri shawara su riƙa wanke ƙarƙashinsu. Bututun birki da ya ruɓe ba ya gargaɗi. Ranar da ka take da ƙarfi, ga kaya a baya, ranar yake fashewa.

Wani zai ce sababbin motoci sun wuce nan. Gaskiya ne an samu ci gaba, Ford ma ta mayar da bodin F-150 na alminiyam tun ƙirar 2015. Sai dai shasinta har yanzu ƙarfe ne, kuma gishiri bai san sabuwar ƙira ba. Wani kuma zai ce ai da motar ta iso Kano ko Maraɗi, inda iska ke bushe, tsatsar za ta tsaya. Za ta rage gudu, amma ƙarfen da ya riga ya ci ba ya dawowa, gishirin da ya maƙale a ciki kuma na jiran damina. Ƙara masa buhunan masara da ramukan hanya ka ga yadda ƙarfe mai rauni ke tsagewa.

Ga wanda karatu ko aiki ya kai shi Kanada ko arewacin Amurka, rigakafin ba shi da tsada. Ka riƙa wanke ƙarƙashin motar a cikin hunturu, musamman idan sanyi ya ɗan sassauta, sannan ka yi mata wanki mai kyau da ƙarewarsa. Kafin ƙanƙara ta fara, a fesa mata mai na hana tsatsa, irin su Krown ko Fluid Film, har cikin ramukan shasi, a maimaita kowace shekara. Ka tabbata ƙofofin da ruwa ke fita ba su toshe da laka ba. Kada ka yarda a shafa baƙar roba a kan tsatsar da ta riga ta kama, domin tana rufe danshi a ciki, ƙarfen ya ci gaba da ruɓewa ba ka gani.

Ga mai saye daga nan kuwa, wayarka ce makaminka. Kowace mota na da lambar VIN mai harafi da lamba 17. Harafin farko na nuna inda aka ƙera ta ne kawai, ba inda ta yi rayuwa ba. Don haka ka biya kuɗin rahoton Carfax ko AutoCheck ka ga jihohin da aka yi mata rajista. Shekara goma a Arizona daban, shekara goma a Ohio daban. Shafin NHTSA kuma na nuna maka kyauta ko akwai gyaran kamfani da ba a yi mata ba. Idan daga gwanjon Copart ko IAA za a sayo maka, ka sani hotunansu ba kasafai suke nuna ƙasa ba, sai ka biya wani ya je ya ɗauko maka bidiyo.

Idan motar ta riga ta sauka, ka je da makanikenka, a hau da ita kan rami, ka kunna tocilar waya. A bubbuga shasin da guduma, musamman kusa da inda sifirin na baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya na ƙara tsaf, ruɓaɓɓe kuwa ɓawo yake zubarwa ko ya lotsa. Jan tsatsa na sama-sama ba abin tsoro ba ne. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin mota mai shekara 15 shi ne abin tambaya. Dillalin da ya hana ka leƙawa ya riga ya ba ka amsa, ka riƙe kuɗinka.