A Daina Yi Wa Labarin Talaka Ƙarin Gishiri

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan masu cakuɗa gaskiya da ƙage.

Lokacin ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa, wani ɗan jarida ya zo ƙauyenmu. Na gaya masa shinkafata ta tafi, wajen buhu bakwai nake sa rai. Da labarin ya fito sai na ga wai buhu arba'in ne, wai na durƙusa ina kuka, har da maganar da ya sa a bakin mai ɗakina, alhali ko ganinta bai yi ba. Na tambaye shi, ya ce ai salo ne don a tausaya mana. To, ranar da masu ɗaukar sunayen tallafi suka zo, maƙwabta suka ce ni na shirga ƙarya. Har yau "Mai Buhu Arba'in" ake ce mini a kasuwa.

Ni fa ban ƙi hikaya ba. Ganɗoki na Bello Kagara ya faro da yaƙin Turawa na gaske, ya ɓulle ga aljanu, amma ba wanda ya ruɗe, don an san ƙagagge ne. Wanda kuwa ya sa sunana da na garinmu ya ce rahoto ne, ya siffanta ruwa da laka yadda ya so, amma adadi da maganar bakina ba nasa ba ne.

Ku editoci, ku riƙa tambayar wakilanku kafin ku buga: da kunnenka ka ji?

Naku,
Wani manomi, Jihar Jigawa.