Wanda Bai Iya Shan Kaye Ba, Bai Iya Wasa Ba: Jan Kunne Ga Matasanmu Masu Gem Ɗin Faɗa



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake jujjuya kwanaki tsakanin bayinSa, yau Ya ba wannan gobe Ya ba wancan. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, na san wasu daga cikin masu karatu za su ce malamin Islamiyya ya rasa abin da zai yi rubutu a kansa sai wasan yara. To, duk wanda ya zagaya Yelwa ko Shanga ko Giron Masa ko Wara bayan la'asar, zai tarar da shagon da aka jera talabijin da PlayStation a cikinsa, janareta na ruri ko sola na aiki, matasa sun cika benci har wasu na leƙe ta taga. Abin da yake cinye sa'o'in 'ya'yanmu haka, kuma yake sassaƙa halayensu ba tare da mun sani ba, ya wuce a kira shi ƙaramar magana.

Ba hukuncin wasan gem nake son tattaunawa a yau ba. Malamai sun yi bayani a kansa, kuma sharuɗɗan sanannu ne: kada ya shagaltar daga salla, kada caca ta shiga, kada ya ƙunshi tsiraici ko alfasha. Ni kaina ba na yarje wa ɗalibina Mortal Kombat, saboda yadda ake daddatsa gawar abokin karawa a ƙarshen faɗa. Maganata a yau tana kan abu guda ne, wato abin da yake fita daga bakin yaro da hannunsa a lokacin da aka ci shi. Da'awata ita ce, shan kaye a wasa babu abin kunya a cikinsa, abin kunya shi ne ƙaryar da muke yi wa kanmu bayan mun sha kayen, da zagi da gabar da suke biyo bayanta.

Yana da kyau mu fahimci dalilin da ya sa kayen gem ɗin faɗa ya fi na sauran wasanni ɗaci. Tun da kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a 1991, Mortal Kombat ya biyo baya a 1992, Tekken a 1994, tsarin bai canza ba: mutum biyu, allo ɗaya, kowa da ma'aunin ransa a sama. A ƙwallon ƙafa ta fili kana da mutum goma da za ka ɗora wa laifi, ga alƙalin wasa, ga rashin kyawun fili. A nan kuwa daga kai sai shi. Na'urar tana nuna hoto 60 a kowane sakan, tana lissafa kowane dannawa, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. Idan aka doke ka, a gaban jama'a aka doke ka, kuma cikin minti biyu ko uku. Saboda haka zuciya take rasa mafaka, sai ta ƙirƙiro ta.

Wace ƙarya ce ban ji ba? Hannun gem ɗin ya lalace. Mai shago ya ba shi mai kyau ya ba ni matacce. Duka ɗaya yake ta maimaitawa, wannan ai ba iyawa ba ce. Har na ji wanda ya rantse cewa asiri aka yi masa. Subhanallahi! Idan duka ɗaya ya maimaita sau goma kuma sau goman ya same ka, wane ne bai iya ba a cikinku? Gaskiyar Bahaushe da ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mafi muni a cikin waɗannan uzurori shi ne wanda aka yi wa rawani da addini. Yaro zai sha kashi saboda gaggawarsa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙaddara ce, alhali kuwa zuciyarsa na tafasa, kuma gobe zai maimaita kuskuren jiya. Imani da ƙaddara rukuni ne daga rukunan imani shida, kuma yana zuwa ne domin ya kwantar da zuciya bayan an yi iyakar ƙoƙari, ba domin ya rufe ƙofar bincikar kai ba. Ku dubi Uhudu, a Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira. Ba ina kwatanta jinin shahidai 70 da wasan shago ba, Allah Ya tsare ni, darasin nake so mu ɗauka. Mafi yawan maharba 50 da aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair (RA) sun bar wurinsu, sai yaƙi ya juya. Da Musulmi suka tambayi daga ina wannan ya zo, aya ta 165 a Suratu Ali Imrana ta mayar da su ga kawunansu, aya ta 166 kuma ta tabbatar da cewa da izinin Allah abin ya faru. Ayoyi biyu a jere, ɗaya na koyar da ɗaukar alhaki, ɗaya na koyar da miƙa wuya. Idan mafi alherin al'umma an ce su duba kansu, kai wane ne da za ka ce laifin hannun gem ne?

A fagen gasa ma Manzon Allah (SAW) bai bar mu babu misali ba. Imamu Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai. Me Annabi ya yi? Bai ce taguwar ba ta da lafiya ba, bai ce a sake tsere ba, bai tuhumi baƙauyen da maguɗi ba. Ya sanar da su ne cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face an sauke shi wata rana. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha (RA) ta wuce shi, bai ɓata rai ba, sai bayan wani lokaci suka sake ya wuce ta, ya gaya mata cikin raha cewa an rama. Shugaban halitta ke nan. To, ina wanda ya isa ya ce shi ya fi ƙarfin a ci shi?

Yanzu ku auna wannan da abin da muke gani. A ajina na taɓa lura da ɗalibai biyu, maƙwabtan juna, waɗanda suke haddar izu ɗaya, sun daina zama kusa da juna fiye da mako guda. Da na bincika, sai na tarar asalin gabar Tekken ce: ɗaya ya ci ɗaya sau biyar a jere, ya yi masa dariya a gaban abokai, wanda aka ci ya zagi mahaifiyarsa, shi ma ya rama. Ku lissafa abin da suka kwasa a wasan minti ashirin. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Ayyubal Ansari (RA). Kuma a hadisin Abdullahi bin Amru (RA) ya lissafa jawo wa iyaye zagi cikin manyan zunubai, wato ka zagi uban wani ya zagi naka. Yaron da ya tsaya sahu ɗaya da ɗan'uwansa a sallar magariba, amma ya ƙi miƙa masa hannu saboda wani gwarzon zane da babu shi a duniya, wallahi an ci shi sau biyu, kuma na biyun ya fi muni.

A nan ne zan juyo kan masu shagunan gem, domin suna da kaso babba. Tsarin nan na cewa wanda aka ci shi ne zai biya kuɗin wasan duka, mai ci kuma ya ci gaba da zama, shi ne gubar da take mayar da kaye ya zama asara. Malamai da dama sun bayyana cewa wannan caca ce, domin kowanne daga cikin biyun ya shiga ne tsakanin ya tsira da kuɗinsa ko ya biya na wani, kuma sakamakon wasa ne zai raba gardama. Balle kuma waɗanda suke ajiye kuɗi a hannun ɗan kallo. Allah Ya bayyana a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, cewa Shaiɗan yana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta hanyar giya da caca, kuma yana kange su daga ambaton Allah da salla. Duk ukun nan mun gan su a shagon gem da idonmu. Yaron da aka aika kasuwa da kuɗin cefane ya tsaya ya ce bari ya buga ɗaya, ba zai iya tashi da kaye ba, domin abin da zai faɗa a gida yake tunani. Ya kai mai shago, ka ji tsoron Allah, ka sa kowa ya biya nasa, ka kashe janareta idan an kira salla. Ribarka ba za ta ragu da abin da zai dame ka ba, albarkarta ce za ta ƙaru.

Masu cewa ai zafin kaye shi ne alamar gwaninta, su saurari labarin gwanayen gaske. Akwai wani ɗan Koriya ta Kudu da ake kira Knee, wanda ya daɗe ana lissafa shi cikin mafiya iya Tekken a duniya. A 2018, a Dubai, wani matashi daga Lahore ta Pakistan mai suna Arslan Siddique, wanda aka fi sani da Arslan Ash, ya doke shi. A watan Agusta na 2019, a gasar Evo ta Las Vegas a Amurka, wadda ita ce babbar gasar irin waɗannan wasanni, ya sake doke shi a wasan ƙarshe, ya faɗi ya yi sujada a gaban dubban mutane. Me Knee ya yi? Ya yanki tikiti ya tafi Pakistan a ƙarshen wannan shekara, ya zauna da matasan can yana karawa da su yana koyon salonsu. A 2022 ya ɗauki kofin Evo, kuma wani ɗan Pakistan ya doke a wasan ƙarshe. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A ɗaya gefen kuma, a ranar 26 ga Agusta 2018, a Jacksonville ta jihar Florida, wani matashi da aka fitar daga gasar gem ɗin ƙwallon Amurka ya dawo da bindiga ya kashe mutum biyu, ya raunata wasu, sannan ya kashe kansa. Kaye ɗaya ne, zukata ne suka bambanta. Mu ba mu kai can ba, alhamdu lillahi, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma ba sai mun je Lahore ba. Mu mutanen bakin ruwa ne. Masuncin da ya kwana a tafkin Kainji ya dawo da taru fayau ba ya yayyaga tarun, ɗinke shi yake yi ya sake wuri. A tseren jirage na bikin Rigata a Yauri, jirgi ɗaya ne yake zuwa na farko, sauran kuma su koma gida su jira wata shekara. A fagen kokawa bayan girbi, wanda aka kayar yakan tashi ya kaɗe ƙura, manya na kallo, kuma idan ya nemi tayar da rigima su ne za su tsawata masa. Abin da shagon gem ya rasa ke nan: babu babba a cikinsa. Iyaye sun kasu biyu, masu cewa wasa ne kawai su kau da kai, da masu cewa haramun ne su ɗauki bulala, yaro ya koma yi a ɓoye. Duka biyun sun bar shi shi kaɗai da fushinsa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai koyi shan kaye a kan benci yana ɗan shekara 15 ba, shi ne gobe zai faɗi jarrabawa ya ce malami ne ya tsane shi, a hana shi aure ya ce asiri ne, ya faɗi zaɓe ya tara 'yan daba.

Saboda haka, ya kai ɗana mai wasa, ga nasihata. Idan aka ci ka, ka yi shiru tukuna, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, domin wannan ne maganin da Annabi (SAW) ya nuna ga mutumin da fuskarsa ta yi ja don fushi, a hadisin Sulaimanu bin Surad (RA). Ka ajiye hannun gem a hankali, ba naka ba ne. Ka miƙa wa wanda ya ci ka hannu, ka tambaye shi ta ina yake samunka, ka riƙe kuskure ɗaya ka gyara. Ka yanke adadin wasan da za ka yi tun kafin ka zauna, domin “bari in rama” ita ce take cinye magariba da isha'i. Kada ka sa ko sisi a kan sakamako. Idan kuma kai ne ka ci, ka kame bakinka daga izgili, gaba da gabanta. Wanda ya gwada duk wannan ya ga har yanzu zuciyarsa ba ta iya ɗaukar kaye, to ya bar wasan baki ɗaya, domin abin da aka halatta don hutun rai, idan ya zama sanadin zagi da gaba, ya fita daga halaccinsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya cire sunan ƙarfi daga kan mai kayar da mutane a kokawa, ya ɗora shi a kan wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Wannan ita ce gasar da za a tambaye ka sakamakonta gobe kiyama.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon danne fushi, Ya tsare mu daga caca da gaba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Wallahu a'alam.