Wa Ya Ce Manomin Makarfi Bai Iya Lissafi Ba?

'Yan'uwa ɗalibai, mun gaji da jin 'yan boko suna kiran iyayenmu jahilai, don kawai sun haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Wai da suna da wayo, da sun zuba masara zalla ko tumatir zalla, sun kwashi kuɗi. To, bari mu auna maganar da mudun da su 'yan bokon suka yarda da shi.

A 1954 Ba'amurken nan Leonard Savage ya shimfiɗa ƙa'idar da ake koya mana a aji. Mai hankali, in bai san abin da gobe za ta haifar ba, sai ya ƙiyasta yiwuwar kowane sakamako bisa zatonsa, ya auna amfanin kowanne a wurinsa, ya bi hanyar da jimillarta ta rinjaya. A lura fa: a wurinsa shi, ba a wurin mai albashi ba. Damin ƙarshe a rumbun magidanci cikin watan Agusta ya fi masa buhu goma na riba bayan kaka. Wanda ya ga farin 1973 kuwa yana da hujjar ƙin sakin jiki da damina. Gero ya nuna da wuri ya kori yunwa, dawa ta biyo baya, wake ya kawo kuɗin cefane. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Ina jahilcin?

Zancen ma ba sabo ba ne. Tun 1966 David Norman na Samaru ya bi gonakin Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya tarar haɗa shuka ya fi shuka zalla riba da tabbas. Abin kunya, sai da Bature ya faɗa wasunmu suka gyaɗa kai.

Ita ƙa'idar kanta tana ɗingishi. So take mutum ya jera dukan abin da zai iya aukuwa, ya ba kowanne kimarsa. Wane manomin Ikara ko Kudan ne ya sa tsutsar Tuta absoluta cikin lissafinsa kafin ta iso ƙasar nan? A 2016 ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. Mai rake a fadama da dawa a rumbu ya sha da sauƙi. Wanda ya zuba jarinsa duka a tumatir ya koma neman bashi.

Muna kira ga kowane jami'in gona da zai ce a shuka abu guda, ya fara sa hannu cewa in shukar ta ƙi, a yanki albashinsa.