WASIƘA DAGA FASKARI: DIKODA ƊAYA, ƊAKI BIYU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don in amsa wata tambaya da ta zo mini daga Sabuwa.

Wani malamin makaranta ne ya aiko mini da takarda. Ya ce matansa biyu, ya yi ta tari har Allah ya hore masa dish da dikoda guda, ya kuma sami talabijin biyu. Yana so ya sani, ko dikodar nan ɗaya za ta ishi ɗakunan biyu? Ya ce ya ji labari ni ma na taɓa shiga wannan rigima. Gaskiya ne, Malam, na shiga. Ga abin da na gani, kai da sauran masu karatu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ku auna.

Da fari sai mu san yadda abin yake aiki. Tauraron ɗan'adam da ke aiko da hotunan nan yana can sama, nisan wajen kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa in an saita dish sau ɗaya ba a sake taɓa shi. Dish ya tattara saƙon ya zuba wa ɗan ƙoƙon nan na bakinsa, wanda masu gyara ke kira LNB, shi kuma ya turo ta waya zuwa dikoda. To, ita dikoda irin tamu ta talakawa tasha ɗaya take iya kamawa a lokaci guda. Ko talabijin goma ka jona mata, abin da na farko ya nuna shi na goma zai nuna. Duk mai gyaran da ya ce maka zai sa ɗaki biyu su kalli tasha daban-daban da irin wannan dikoda guda, riƙe kuɗinka.

Jonawar kanta ba wuya. In dikodarka tsohuwar yayi ce, za ka ga wata kafa a bayanta irin ta eriya, wadda hoto ke fita ta cikinta. Sai a ja wayar dish daga nan zuwa kafar eriyar talabijin na ɗaya ɗakin, a sa shi ya nemi tasha da kansa har ya kama. Wannan waya tana jure nisa, ta ƙetare tsakar gida ba ta gaji ba, sai dai hoton bai cika fita tangaran ba. Sababbin dikodoji da yawa ba su da wannan kafa. A nan sai ka sayi wani ɗan akwati da ke karɓar hoto ta wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ya mai da shi irin na eriya. Akwai kuma mai raba wayar HDMI gida biyu, hotonsa ya fi kyau nesa, amma wayar ba ta son nisa, in ta wuce mita 15 sai ta fara ɗaukewa. Duk ana samun waɗannan a Funtuwa. Abu ɗaya nake gargaɗinka: kada a bar mahaɗin waya a fili, damina ɗaya ta ishe shi ya yi tsatsa, a lokacin hadari kuma a zare komai daga wuta.

Wannan ke nan aikin waya. Saura aikin mutane, nan ne gizo ke saƙar.

Ni da na kawo tawa, ban yi dogon tunani ba, na ajiye ta ɗakin uwargida, don nata ya fi kusa da inda aka kafa dish. Aka ja waya zuwa ɗakin amarya. Daren fari kowa na murna, har maƙwabta suka shigo. Ba a yi mako ba na ga fuska ta fara canzawa. Ashe rimot da wani haske yake aiki wanda ido ba ya gani, hasken nan kuwa ba ya ratsa bango. Watau wadda dikoda ke ɗakinta ita ke da mulki, ɗayar kuwa sai abin da aka ga dama aka nuna mata. Amarya na tsakiyar kallon Daɗin Kowa a Arewa24, sai ta ga an koma tashar Makka ana ɗawafi. Wa zai iya cewa a kawar da Ka'aba a sa wasan kwaikwayo? Sai ta yi shiru ta kashe nata. Ba ta ce mini komai ba, amma tuwon ranar girkinta ya gaya mini.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Malamai sun sani, adalci tsakanin mata wajibi ne a kan miji cikin abin da yake iya rabawa, kamar kwana da ci da sutura. Ni kuwa na raba waya daidai, na bar iko a hannun ɗaya. Laifin ba na uwargida ba ne, nawa ne.

Sai na kafa doka, na ce zaɓen tasha ya bi girki, wadda ke da miji ita ke da rimot. Amarya ta ce, "Malam, to shirin da ake yi sau ɗaya a mako fa, in kullum ya faɗo ranarta?" Na ɗauko alli na yi lissafi gabansu. Kwana bibbiyu muke yi, zagaye kwana 4 ke nan, mako kuwa kwana 7. In shirin ya faɗo wa uwargida wannan mako, mako biyu masu zuwa na amarya ne ko kuwa ɗaya nata ɗaya na uwargida, amma ko ta yaya aka juya, cikin mako 4 kowacce za ta sami biyu. Masu kwana ɗaɗɗaya ma nasu ya fi sauƙi, mako ɗaya wannan, mako ɗaya waccan. Na yi ta jin daɗin kaina, na ce ilimi ya yi rana.

Lissafi ya fita, amma dikoda tana nan inda take. Ran girkin amarya sai ta aiki yaro ya je ya yi sallama ɗakin uwargida, ya ce wai a canza. In uwargida na salla a jira, in ta yi barci shi ke nan. Yaron ya zama manzo, har ya fara ƙara gishiri cikin saƙo. Akwai wani ɗan ido da ake sa wa ɗaya ɗakin ya riƙa kai umarnin rimot ta cikin waya, amma ba kowace dikoda ke karɓarsa ba, kuma in an sa shi rimot biyu ke nan kan tasha ɗaya, wannan ta canza waccan ta mayar. Ban ko gwada ba.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin tasha ɗaya ba. Mai yara yana zaune ɗakinsa ya san abin da suke kallo a ɗaya ɗakin, wannan ba ƙaramar riba ba ce a zamanin nan. Ba na kuma manta watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300. Kwanakin nan ba wadda ta nemi wasan kwaikwayo. Daren da labari ya zo an sako su, ɗakunan nan biyu lokaci guda suka ɗauki kabbara. Haka kuma a Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarayin daji, har da namu ukun nan, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a kira ɗan'uwa. Dish bai san an yi ba, don daga sama yake sha, ba ruwansa da turakun kamfanin waya. Shi da rediyo suka riƙe mu, in an sami man janareta.

Daga baya dai na sayi dikoda ta biyu. A nan ma na yi wani kuskure da nake so Malam ya kauce masa. Na sa aka raba wayar dish gida biyu da ɗan ƙarfen nan mai baki uku, sai wasu tashoshi suka riƙa ɓacewa a ɗaki ɗaya duk sa'ad da aka canza a ɗayan. Dalili kuwa, tashoshin tauraro kashi-kashi ne, dikoda ce ke gaya wa LNB kashin da take so ta wurin ƙarfin wutar da take tura masa, bolt 13 ko 18. In dikoda biyu suka yi masa magana ta waya ɗaya, ɗaya kawai zai bi. Maganinsa LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta tun daga dish. Ran da aka sa shi, yaron nan ya sauka daga muƙaminsa.

Saboda haka, Malam, in tashoshin kyauta kuke kallo, irin na Nilesat da makamantansu, shawarata ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin ƙaramar dikoda da LNB mai baki biyu, dish ɗaya ya ishe ku, ba kuwa kuɗin wata. In na biya ne, DStv suna da tsarin da suke kira XtraView, a haɗa dikoda biyu ko uku na gida ɗaya kan biya guda, da ɗan ƙari kowane wata. Ka tambayi wakilinsu. Amma kada ka ja waya ta kan katanga zuwa gidan maƙwabci, yarjejeniyar ta gida ɗaya ce. In kuwa hali bai kai ba tukuna, to kada ka ajiye dikodar ɗakin kowacce daga cikinsu. Sa ta turakarka, ka ja waya biyu, ka tara su ka gaya musu dokar tun ba a kunna ba. In ka gwada, ka rubuto mu ji yadda ta kaya.

Wassalam. Ni ne naku,
Malamin Lissafi, Faskari.