Mudashiru Obasa: ƙuri'ar Agege da ikon da ya fi na zauren majalisa

A ranar 13 ga Janairu, 2025, 'yan Majalisar Dokokin Jihar Legas 32 cikin 40 suka tsige kakakinsu, Mudashiru Obasa, yana ƙasar Amurka. Sashe na 92 na kundin tsarin mulki kashi biyu bisa uku ya nema, wato mutum 27, sun kuwa haura. Amma bayan kwana 49, a ranar 3 ga Maris, Mojisola Meranda, mace ta farko da ta hau kujerar, ta ajiye muƙamin, majalisar ta mayar da mutumin da ta kora.

Tarihin zaɓensa ya fayyace yadda hakan ta yiwu. Obasa ya fara ne da kansila a ƙaramar hukumar Agege a 1999 ƙarƙashin jam'iyyar AD. Ya shiga majalisar jiha a 2003 yana wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya, kuma tun daga lokacin bai faɗi ba. A 2023 ya samu wa'adi na shida. Sunan jam'iyyar ya yi ta sauyawa, daga AD zuwa AC, ACN, sannan APC, amma gidan siyasar ɗaya ne, na Bola Tinubu. Ko a 2023, lokacin da Peter Obi ya doke Tinubu a Legas a zaɓen shugaban ƙasa, guguwar ba ta taɓa kujerar Obasa ba. A irin wannan mazaɓa, wanda ya samu tikitin jam'iyya ya ci rabin zaɓe, tikitin kuwa ba a rumfar zaɓe ake raba shi ba.

A Yunin 2015 ya fara zama kakaki. A ƙarƙashinsa ne majalisar ta zartar da dokar hana kiwon sake a Satumban 2021, batun da ya shafi fataken shanu da tsohuwar al'ummar Hausawan Agege.

Abokan aikinsa sun zarge shi da wuce gona da iri da almubazzaranci da kuɗin majalisa. Ya musanta. Abin lura shi ne ba a warware rikicin ta hanyar binciken waɗannan zarge-zarge ba. A ranar 17 ga Fabrairu, ranar da jami'an DSS suka tsaya a ƙofofin majalisar, mafi rinjayen 'yan majalisar sun sake jaddada goyon bayansu ga Meranda. Bayan mako biyu kacal, da tsofaffin gwamnoni Bisi Akande da Olusegun Osoba suka shiga tsakani da yawun jam'iyya, sai kowa ya sauke kai. Wakilan da suka ce ba za su iya aiki da shi ba su ne suka sake ɗora shi.

A watan Afrilu Babbar Kotun Legas ta soke tsigewar, bisa dalilin cewa an kira zaman ba bisa ƙa'idar majalisa ba. Hukuncin ya tsaya ne kan yadda aka yi zaman, bai taɓa batun kuɗin ba. Mutanen Agege da suka zaɓe shi sau shida, da sauran 'yan Legas da majalisar ke amincewa da kasafin kuɗinsu na tiriliyoyin naira, suna da haƙƙin jin ko zargin gaskiya ne ko kuwa makamin faɗan 2027 ne, tunda an daɗe ana danganta Obasa da neman kujerar gwamna.