Inda maneji ya kamata ya tsaya a jikin babur

Idan akwai abin da bakaniken babur na ƙasar nan ya ƙware a kai, lallaɓawa ce. Tanki ya huje ya liƙe shi, ƙarfe ya karye ya kai wa mai walda, kafireta ta toshe ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Ba na cikin masu raina wannan hikima. Ba don ita ba, da Boxer da Jincheng da yawa da ke ɗauko buhunan masara daga ƙauye ranar kasuwa sun daɗe a hannun 'yan gwangwan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta zube bayan haka, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, ba abin da ka fi ji a rumfar bakanike kamar "Oga, a yi maneji kawai." To, a yi. Amma akwai wuri guda da nake ganin bai kamata manejin ya kai ba, wato abin da ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa tayar baya, bel ne ko sarƙa.

Bel shi aka fi jahilta. Ƙananan baburan nan marasa giya, waɗanda ake murɗa totur kawai su tafi, shi ke jan su, yana ɓoye cikin murfi a gefen hagu. Ka riƙe shi a hannu sai ka ɗauka roba ce zalla, alhali ƙarfinsa ba a robar yake ba. A cikinta akwai zaruruwa masu tauri da aka naɗa zagaye tun a masana'anta, ba su da mahaɗi, kuma su ke ɗaukar nauyin. Idan suka fara tsinkewa babu gam ɗin da zai haɗa su, wanda kuma ya ce zai ɗinke, allurarsa ma wasu zaruruwan za ta ƙara yankawa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba kowane tabo ne ke kashe bel ba, wannan gaskiya ne. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka, wanda tun 1980 yake sa bel a manyan baburansa, ya bambance wa makanikai: tsakuwa ta huda tsakiyar bel, a ci gaba da hawa ana sa ido, hujin ya taɓa gefe, ko haƙori ya ɓalle, a canza. Na ƙananan babura kuwa faɗinsa ake aunawa, domin gefunansa ne ke cinyewa. Mai babur zai ji inji na kururuwa amma gudu ya ragu. Yawancin kamfanoni kan ce a canza shi wajen kilomita 20,000 zuwa 25,000, kuma da zafinmu da ƙurarmu ban ga dalilin jiran ƙarshen lissafin ba.

Sai dai yawancin baburanmu da sarƙa suke tafiya, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai, saboda ita sarƙa tana da gaɓoɓi, ana iya kwance ta a mayar. Ta yi sako-sako, an ja taya baya har zaren kusar ya ƙare, sai bakanike ya ce bari a cire gaɓa ɗaya. Ya cire, ya ɗaure, ta yi tsam, kowa ya yi murna. Abin da ba a faɗa wa mai babur shi ne, ƙarfen bai miƙe ba. 'Yan sandunan da ke riƙe gaɓoɓin ne suka cinye, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo. Ka rage gaɓa, sauran suna nan da tsawonsu, ba sa zama daidai a tsakanin haƙoran faifan da ke jan su. Sai su riƙa hawa kan haƙoran suna gurzarsu har su lanƙwashe kamar ƙugiya. Shi ya sa sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa, shi ya sa kuma ake canza ukun tare: sarƙa, faifan gaba da na baya.

Ranar da irin wannan sarƙa ta zame ana cikin gudu, mai sa'a shi ne wanda ta faɗi a titi ya tura babur gida. Wani tana bulalar murfin inji ta fasa shi. Wani kuma tana cusuwa ta ƙame tayar baya, ga uwargida a baya da goyo.

Na san amsar ɗan acaɓa, kuma tana da nauyi: ya sayi sabuwa da kuɗin balas na kwanaki, wata biyu ta saki, to me ya ci? Jabu ya cika kasuwa, har kwalinsa ya fi na asali ƙyalli. Amma mu ma da namu laifin. Murfin sarƙar da babur ya zo da shi, da ya fara ƙara sai a cire a jefar. Sannan a kwarara mata baƙin mai da aka zubar daga inji, ƙura ta manne, ta zama abin da ke niƙa ƙarfen kullum. Sarƙa mai kyau ma ba ta jure wannan. Wanda ya bar murfinsa, yana wanke ta da kananzir, yana sa mai mai tsabta, ya bar mata sassaucin santimita 2 zuwa 3, zai ga bambanci ko da matsakaiciya ya saya.

Ƙorafina na kan bakanike ne, domin shi ya san duk wannan. Ba sai ya yi wa kowa wa'azi ba. Ya kira mai babur ya tsuguna kusa da shi, ya kama sarƙar a bayan faifan baya ya ja. Idan ta ɗago har ana ganin rabin haƙori, ta gama aiki, kuma mai ita ya gani da idonsa. In ya ce duk da haka a cire gaɓa don ya samu na cefanen yau, a cire masa, amma a gaya masa kada ya ɗauki kaya masu nauyi, kada ya hau babban titi da ita, kuma nan da sati ya dawo da kuɗin saiti.