Gyaran Filin Ahidjo Ya Fi Wa Mutanen Yawunde Amfani



A majalisun masu shayi da tukubar 'yan tsire na unguwar Briqueterie har yau ba a daina musu kan filayen ƙwallon Yawunde biyu ba, wato tsohon filin Ahidjo da sabon filin Olembe, kuma masu goyon bayan tsohon sun fi hujja.

Filin Ahmadou Ahidjo da ke Mfandena an gina shi ne don gasar cin kofin Afirka ta 1972, wadda Kongo ta ci Mali 3-2 a wasan ƙarshe. Da ya tsufa ba a rushe shi ba, gyara aka yi masa kafin gasar mata ta 2016, inda Najeriya ta ɗauke kofi a gaban masu gida. A nan ne kuma, a Fabrairun 2022, Kamaru ta farke ƙwallaye uku da Burkina Faso ta zura mata, ta samu matsayi na uku a gasar kofin Afirka a bugun fenariti.

Olembe fa? Kujeru 60,000 ne, ginin ya ƙayatar, ba mai musu. Sai dai yana can bakin gari, aikinsa ya yi ta jan ƙafa, kuma ranar 24 ga Janairun 2022 mutum takwas suka rasu a turmutsitsin ƙofarsa. Allah ya jiƙansu.

Matashin Nkomkana da zai je kallon wasan ƙungiyar Canon ko Tonnerre kuɗin tasi yake fara lissafawa, kuma Mfandena ta fi masa kusa. Ya kamata hukuma ta ware kuɗin kula da ciyawa, fitilu da bayan gida na Ahidjo duk shekara, abin da ya rage a daidaita filayen ƙasa na unguwanni inda yara ke buga ƙwallo da yamma.

Wani mai karatu,
Nkomkana, Yawunde